Lu'ulu'un fitila

lu'ulu'un fitila (suna, namiji, jam'i: lu'ulu'an fitila) Ɗan gutsuren gilashi mai kusurwoyi da ake ratayawa a jikin babbar fitilar silin ta falo, otal ko masallaci, domin ya warwatsa haske launi-launi. Ana saƙala shi da siririyar waya ta ƙaramin huji, saboda haka in ɗaya ya fashe, shi kaɗai ake sauyawa. Na ƙwarai sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ita ke ba shi nauyi da walƙiya. Na roba ya fi araha, amma ƙyallinsa kan dushe da wuri. Kamfanonin Swarovski na Ostiriya da Asfour na Masar sun yi suna wajen ƙera shi. *Misali:* "Ladi, goge lu'ulu'an nan a hankali, ƙurar hunturu ta rufe su."