Inshorar babur: Abin da doka ta ce, da abin da naira 3,000 ke biya

Daga Gulma zuwa Argungu, har Birnin Kebbi, babur ne abin hawan talaka. Shi ke kai manomi fadamar Rima, ya ɗauko buhun shinkafa zuwa kasuwa, ya garzaya da mai naƙuda asibiti. Ga matasa da yawa kuwa, kabu-kabu ce sana'ar da ke ciyar da gida. Sai dai ranar da tsautsayi ya afka, mai babur ya buge wani ko ya lalata motar wani, diyyar kan fi ƙarfin aljihunsa, har ta kai ga sayar da babur ɗin ko jinginar da gona.

Matsayin doka

Tun dokar inshorar ababen hawa ta 1945, laifi ne a hau titi da abin hawa ba tare da inshorar ɓangare na uku ba, wato wadda ke biyan mutumin da aka yi wa ɓarna. Dokar Inshora ta 2003 ta jaddada haka, kafin Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora a 2025. Babur na cikin ababen hawan da dokar ta shafa. A ranar 1 ga Fabrairu 2025, rundunar 'yan sanda, ƙarƙashin Sufeto-Janar Kayode Egbetokun, ta fara tilasta bin wannan doka a faɗin ƙasa.

Nawa ake biya, me ake samu?

Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ita ke ƙayyade farashi. Daga 1 ga Janairu 2023, mai babur na biyan naira 3,000 a shekara, kamfani kuma zai biya har naira miliyan 1 idan aka lalata dukiyar wani. Mai Keke Napep na biyan 5,000, mai motar gida 15,000. Inshorar ta kuma ƙunshi diyyar rauni ko rasa ran wanda aka buge.

Amma ba ta gyara babur ɗin mai ita, ba ta biyan kuɗin jinyarsa, ba ta mayar masa da babur idan an sace. Wanda ke son wannan kariya sai ya sayi cikakkiyar inshora, wadda NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawan. Wannan ya fi shafar wanda ya karɓi babur bashi, domin ko an sace shi, bashin na nan a wuyansa.

Takardar bogi

Ba kowace takardar da ake haɗawa da lambar babur ce ta gaskiya ba, kuma ta bogi ba ta biyan ko sisi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, NIA, na da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da lambar abin hawa a shafin askniid.org domin tantance takarda.

Batun addini

Masu ƙyamar inshora saboda gudun riba da caca suna da mafita a tsarin takaful, inda mahalarta ke zuba gudummawa a asusu guda, a taimaki wanda asara ta sama. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da lasisinta.

Idan hatsari ya auku, a sanar da 'yan sanda, a ɗauki hoton wurin, a kuma shaida wa kamfani ba tare da jinkiri ba. Idan kamfani ya ƙi biyan haƙƙi, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi.