Ciwon Damuwa Bayan Haihuwa: Bayani Ga Iyalai a Ƙananan Hukumomin Sabon Birni da Isa

Gabatarwa

Ciwon damuwa bayan haihuwa larura ce da ke kama wasu mata a cikin makonni ko watannin farko bayan sun sauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu suna fuskantar matsalar da ta shafi tunani, mafi yawanta wannan ciwo, a ƙasashe masu tasowa kuwa adadin ya kusa kashi 20. An shirya wannan bayani ne domin iyalai a ƙasar Gobir, wato Sabon Birni da Isa da ƙauyukan da ke kewaye da tsohon birnin Alkalawa, inda asibiti ke da nisa ga mutane da yawa, kuma dangi ne ke fara ganin halin da maijego take ciki.

Matakai Uku da Ya Kamata a Bambance

Na farko shi ne ɗan ƙuncin da ke zuwa kwana biyu ko uku bayan haihuwa. Maijego takan yi kuka ba dalili, ranta ya riƙa ɓaci da sauri. Wannan yana samun mata da yawa, kuma yakan wuce da kansa kafin mako biyu.

Na biyu shi ne ciwon damuwa kansa, wanda yake wuce mako biyu, yake hana mace kula da kanta da jaririnta. Yana iya farawa tun da ciki, yana kuma iya bayyana a kowane lokaci cikin shekarar farko.

Na uku shi ne taɓin hankali na bayan haihuwa, wanda ke samun mace ɗaya ko biyu a cikin 1,000. Yakan zo farat ɗaya, galibi cikin mako biyu na farko: maijego ta ruɗe, ta daina barci, ta riƙa jin muryoyi ko faɗin abin da babu shi. Wannan na gaggawa ne, wajibi ne a kai ta asibiti a ranar.

Alamomin Ciwon

1. Baƙin ciki ko kuka kusan kullum.
2. Kasa barci ko da jariri ya yi barci, ko kuma barci fiye da kima.
3. Ƙin abinci da ramewa.
4. Janye jiki daga mutane da daina fira.
5. Jin cewa ta kasa a matsayin uwa, da yawan zargin kanta.
6. Fargaba mai tsanani a kan lafiyar jariri, ko rashin jin kusanci da shi.
7. Tunanin mutuwa, ko na cutar da kanta ko jaririn.

Sau da yawa mace ba za ta ce tana baƙin ciki ba, sai dai ta yi ta kukan ciwon kai da faɗuwar gaba da kasala.

Abubuwan da Ke Haddasa Shi

Bayan haihuwa wasu sinadaran jiki da suka ƙaru lokacin goyon ciki sukan sauka da sauri, ga kuma rashin barci da raunin jiki. Haɗarin yana ƙaruwa ga wadda ta taɓa yin ciwon a baya, da wadda ta sha doguwar naƙuda, ko jaririnta ya koma, ko ta kamu da yoyon fitsari, da mai ƙananan shekaru, da wadda babu jituwa a gidanta. Tun daga shekarar 2019 hare-haren 'yan bindiga sun raba iyalai da yawa na wannan yanki da gidajensu, wasu har suka ƙetara zuwa jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar. Matar da ta haihu a wurin gudun hijira, nesa da uwa da inna, tana buƙatar a fi sa mata ido.

Al'adar Jego

Al'adar zaman jego na kwana arba'in, da komawar mai cikin fari gidan iyayenta, garkuwa ce babba, domin tana ba maijego hutu da abinci da masu ɗebe mata kewa. Sai dai akwai wurare uku da ya kamata a lura.

Na farko, kunyar ɗan fari tana iya rufe ciwon. Mai kunya takan kau da kai daga ɗanta a gaban manya, amma tana cin abinci, tana dariya da ƙawayenta, idan ta keɓe kuma tana shayar da shi da walwala. Mai ciwo kuwa halinta ɗaya ne a cikin jama'a da bayan idonsu. Tsohuwar da ke yi mata wankan jego safe da yamma ita ta fi kowa damar gane wannan bambanci.

Na biyu, idan arba'in ta cika aka mai da ita ɗakinta, taimako yakan yanke a rana ɗaya, aikin gida ya dawo kanta. Ya kamata miji da dangi su ci gaba da tallafa mata bayan wannan lokaci.

Na uku, ba kowace kasala ba ce ciwon damuwa. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro suna kawo ta. Idan kuma akwai haki da kumburin ƙafa da tari in ta kwanta, to yana iya zama ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe da sanin yawansa a Sakkwato da Zariya. A gaggauta kai ta asibiti.

Magani da Inda Za a Nema

Ciwon yana warkewa. Rigakafin jariri na mako 6 yana zuwa daidai da cikar arba'in, sannan akwai na mako 10 da na 14. Waɗannan ranaku dama ce ta shaida wa ma'aikacin lafiya halin da uwa take ciki. Akwai ma'auni mai tambayoyi 10 da aka samar a Edinburgh a shekarar 1987, wanda ake amfani da shi wajen gano ciwon. Idan bai yi tsanani ba, shawarwarin ƙwararru da tallafin iyali sukan wadatar. Idan ya yi tsanani likita zai rubuta magani, kuma akwai magungunan da ba sa hana shayarwa. Kada a daina sha sai da izininsa, domin sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu.

Daga cibiyar lafiya ta matakin farko ana iya tura maijego babban asibitin ƙaramar hukuma, daga nan zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka rattaba wa hannu a watan Janairun 2023, ta tanadi kare mutuncin masu irin wannan larura.

Kira Ga Magidanta da Dangi

Addu'a da neman magani tare suke tafiya, don haka kada zargin iska ko sammu ya jinkirta zuwa asibiti. A guji ɗaure maijego ko dukanta ko gorin cewa ta cika raki. A karɓar mata jariri na wasu sa'o'i domin ta samu barci, a tabbatar tana cin abinci, a kuma saurare ta. Idan ta ambaci mutuwa ko cutar da jariri, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da wuƙa da maganin ƙwari daga kusa da ita, a kai ta asibiti nan take.