Daminar Funtua da Malumfashi: Yadda Take Zuwa, da Alaƙarta da Guguwar Teku

Yankin kudancin Jihar Katsina, daga Funtua zuwa Malumfashi, har da garuruwa irin su Tsiga da ke Ƙaramar Hukumar Bakori, shi ne rumbun abincin jihar. A nan ake noma masara da dawa da auduga da waken soya, kuma daga kasuwanni irin su Dandume da Bakori ake lodin hatsi zuwa sassan ƙasar nan. Duk wannan arziki ya rataya ne a kan damina guda, wadda ba ta cika wuce wata biyar ba.

Iskoki biyu ne ke juya yanayin wannan yanki. Ɗaya busasshiya ce, tana kaɗowa daga Sahara, ita ce ke kawo hunturu da hazo. Ɗayar kuwa mai danshi ce, tana tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Iyakar da suke haɗuwa tana matsawa arewa tun daga bazara, ta kai ƙarshen tafiyarta a watan Agusta, sannan ta juyo kudu. Shi ya sa ruwa kan sauka a Funtua kafin Katsina da Daura, ya kuma ɗauke a can kafin ya ɗauke a nan. A shekara mai kyau Funtua kan samu kimanin milimita 1,000 na ruwa, alhali arewacin jihar bai cika wuce 700 ba.

Ruwan farko kan faɗi a watan Afrilu ko Mayu, amma sau da yawa shuka ba ta tabbata sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Marka kan kankama a Agusta, ruwa ya ja baya a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Ga manomi, jimillar ruwan shekara ba ta kai yadda ya rarrabu muhimmanci ba. Idan aka yi shuka sannan ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku, iri ya ƙone, sai a sake. Idan kuma ya ɗauke lokacin da masara ke fitar da goyo, ko ya tsaya kafin dawa ta nuna, an yi asarar taki da wahala. Dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Yawancin hadarin da ke zubar da ruwa a nan daga gabas yake tasowa, yana tafe da iska mai ƙarfi. Yana bin wasu igiyoyin iska ne da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma, kusan duk kwana uku zuwa biyar. Idan suka fice ta gaɓar Senegal suka hau ruwan teku mai ɗumi kusa da tsibiran Kef Bad, wasunsu kan rikiɗe su zama mahaukaciyar guguwa. Mafi yawan manyan guguwoyin Atlantika daga waɗannan igiyoyi suka samo asali. Guguwar Irma, wadda ta ragargaza tsibirin Barbuda a yankin Karibiyan a watan Satumba na 2017, a kusa da Kef Bad ta fara. Lokacin guguwar Atlantika kan fara daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai da markarmu. A 1990 masanin yanayi ɗan Amurka, William Gray, ya nuna cewa shekarun da yammacin Sahel ya samu ruwa da yawa sun fi zuwa da manyan guguwoyi. Haka kuma ɗumamar Tekun Fasifik da ake kira El Nino takan rage duka biyun.

Saboda wannan alaƙa, masu hasashe a ɓangarorin biyu zafin ruwan teku suke dubawa. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashenta a farkon kowace shekara, inda take bayyana lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa, da tsawon damina, da wuraren da ake fargabar tsaikon ruwa. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yin irinsa ga ƙasashen Sahel.

Hasashen yana nuna abin da ya fi yiwuwa ne a faɗin yanki, ba ya yanke hukunci kan gona guda, domin ana iya shan ruwa a Tsiga alhali Malumfashi na fama da ƙura. Amma yana da amfani ga mai lura. Idan aka yi hasashen gajeriyar damina, manomi ya nemi iri mai saurin nuna, ɗan kasuwa ya yi lissafi kafin ya fitar da abin da ke sito, ma'aikaci kuma ya sayi hatsin gida tun da kaka, kafin tsadar Yuli da Agusta.