Dogon agogon Ingila

Dogon agogon Ingila, wanda ake kuma kira agogon kaka, agogo ne da ake tsayar da shi a ƙasa cikin doguwar akwatin katako. Tsawonsa yakan kai mita 1.8 zuwa 2.4. An fara ƙera shi a Landan wajajen shekarar 1660.

Tarihi

A shekarar 1656 masanin kimiyya ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, ya ƙirƙiro agogo mai lilo, wato sanda mai nauyi a ƙarshenta wadda ke kai da komo. Ahasuerus Fromanteel ne ya fara ƙera irinsa a Landan a 1658. Wajajen 1670 aka samar da wata na'ura mai siffar ankar jirgin ruwa, wadda akan danganta ta ga William Clement. Ita ce ta rage faɗin kai-komon lilon zuwa digiri 4 zuwa 6, har aka iya sanya lilo mai tsawon kusan mita 1 wanda ke bugawa sau ɗaya a kowane sakan. Akwatin ita ke kare wannan lilo da nauyin da ke rataye daga ƙura da taɓawa.

Fitattun maƙera sun haɗa da Thomas Tompion, wanda ya rasu a 1713, da George Graham, wanda a 1721 ya ƙirƙiro lilo mai zaiba domin kada zafi ko sanyi su ɓata lissafin lokaci.

Ire-irensa

Akwai iri biyu. Na kwana 8 yana da nauyi biyu, ɗaya na tafiyar lokaci, ɗaya na buga ƙararrawa, kuma ana wana shi da makulli ta ramukan da ke fuskarsa. Na awa 30 ya fi araha, kuma kullum sai an ja igiya ko sarƙa an ɗaga nauyinsa.

Ƙira

Aikin hannu biyu ne: maƙerin agogo ya yi injin da tagulla da ƙarfe, kafinta kuma ya yi akwatin. Sunan maƙerin da na garinsu ake rubutawa a fuska. Akwatunan farko baƙin katako ne, daga baya aka koma katakon walnat mai adon furanni, sannan mahogani a ƙarni na 18. A karkara an fi amfani da katakon ok. Daga wajajen 1772 fuska mai farin fenti, wadda aka fi yi a Birmingham, ta fara maye gurbin ta tagulla.

Daraja

Masu tara kayan tarihi kan duba ko injin da akwatin tare aka yi su tun asali. Agogon da aka haɗa injinsa da akwatin wani, ko aka rage masa tsawo domin ya shiga ɗaki, darajarsa takan faɗi ƙwarai.