Shekara Huɗu a Cikin Rami

A farkon watan Agusta na shekarar 1914, lokacin da rundunonin Jamus suka ratsa Beljiyam suka nufi Faris, yawancin hafsoshin Turai sun ɗauka yaƙin na 'yan watanni ne. Shirin Jamusawa shi ne su gama da Faransa cikin mako shida, sannan su juya kan Rasha. A bakin kogin Marne, tsakanin 5 da 12 ga Satumba, sojojin Faransa da na Birtaniya suka tare su, har Jamusawan suka ja da baya zuwa tuddan da ke arewacin kogin Aisne, inda suka ɗauki shebur suka kama haƙa. Daga nan kowane ɓangare ya yi ta ƙoƙarin zagayo abokin gābarsa ta arewa, shi kuma yana tare shi, har ƙasa ta ƙare musu a bakin teku. Kafin shekarar ta fita, ramuka masu fuskantar juna sun miƙe kusan kilomita 700, daga gaɓar Beljiyam zuwa iyakar Siwizalan.

Abin da ya jawo wannan kiki-kaka ba rashin jarumta ba ne. Makaman zamanin ne suka fifita mai tsaro a kan mai kai hari. Bindiga mai sarrafa kanta takan zubar da harsashi ɗari huɗu zuwa biyar a minti ɗaya, a gabanta kuma ga waya mai ƙaya da ke riƙe mutum har a same shi. In an ce igwa ta share hanya tukuna, ruwan wutar da za a kwana biyu ana yi shi ne zai sanar da abokan gāba inda za a ɓullo. Ko an dace an fasa layin farko, mai hari da ƙafa yake tafiya cikin ƙasar da igwarsa ta dagargaza, wayar tarhonsa ta tsinke, sai dai ya aiki ɗan saƙo ko tantabara, alhali mai tsaro yana kawo gudunmawa cikin jirgin ƙasa.

Ramin da aka haƙa don kwana ɗaya sai ya zama gida. Akan yi shi a karkace, kwana bayan kwana, don kada bam ɗaya ya share kowa, a jera buhunan yashi a bakinsa. Da asuba da magariba kowa kan tsaya da bindiga a hannu yana jiran hari. Sauran yini kuwa na laka ne da ƙwarƙwata da ɓerayen da suka ƙoshi da gawa, ƙafa tana jiƙe cikin takalmi har ta fara ruɓewa. A ranar 22 ga Afrilu, 1915, kusa da garin Ypres, Jamusawa suka saki iska mai guba, suka buɗe giɓi a layin, amma ba su tanadi isassun sojojin da za su bi ta ciki ba, giɓin ya sake rufewa.

Da fasa layi ya gagara, sai lissafi ya koma kan wanda mazajensa za su riga ƙarewa. Janar Falkenhayn na Jamus ya auka wa Verdun ranar 21 ga Fabrairu, 1916, da niyyar tsiyaye jinin Faransa, kamar yadda ya faɗa daga baya. Aka kai Disamba ana gwabzawa, matattu da masu rauni na ɓangarorin biyu suka kai kimanin 700,000. A cikin wannan shekarar, a kogin Somme, Birtaniya ta shafe mako guda tana luguden wuta, Jamusawa suna zaune cikin ɗakunan da suka haƙa can ƙarƙashin ƙasa. Da ƙarfe bakwai da rabi na safiyar 1 ga Yuli aka busa usur, samari suka haura bakin rami suka doshi wayar da a wurare da yawa ba ta ko tsinke ba, Jamusawa kuwa suka hauro da bindigoginsu. Kafin dare Birtaniya ta yi asarar mutum 57,470, cikinsu 19,240 matattu. Aka ci gaba har Nuwamba, ribar ba ta wuce kilomita goma ba.

Haƙuri ya ƙare a 1917. Harin Janar Nivelle na Faransa a Chemin des Dames, wanda ya lashe dubban sojojin Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗebo, ya wargaje cikin 'yan kwanaki, rundunoni da yawa suka yi bore: sun yarda su tsare rami, sun ƙi fita hari. Sai a Maris 1918 Jamusawa suka fasa layin, ƙarfinsu ya ƙare a hanya, sannan a Amiens, ranar 8 ga Agusta, ƙawancen Faransa da Birtaniya ya haɗa tankoki da jiragen sama da igwa da sojan ƙasa a hari ɗaya, ga kuma sojojin Amurka suna ta sauka. Aka tsagaita wuta ranar 11 ga Nuwamba.

Faransa ta fito da tsoron sake zubar da jini irin wannan, ta zuba dukiya a katangar Maginot, wadda Jamusawa suka zagaye a 1940. Manoman Somme har yau garmarsu tana tono bama-baman da ba su fashe ba. Ƙauyen Fleury, kusa da Verdun, wanda yaƙin ya rusa, ba a sake gina shi ba. Babu mazauni ko ɗaya, amma hukuma tana ci gaba da naɗa masa magajin gari.