Dutsen da ya ɗaga Malbaza

Wani mai karatu daga Ƙonni ya aiko da tambaya: me ya sa a 2011, da aka ƙirƙiro sababbin gundumomi a Nijar, aka ba Malbaza mazaunin gunduma, alhali kujerar sarauta tana Dogarawa?

Amsa biyu nake ji a bakin dattawa. Wasu sun ce albarkacin kwalta ne, babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. Wasu kuwa sun ce dutse ne. Ni dai ina tare da na biyun. Ai Galmi ma a bakin hanyar take, albasarta ta kai ta har kasuwannin Abijan da Akara, amma ba a kai mata ofishin perfe ba.

Abin da Malbaza ta fi maƙwabtanta da shi yana ƙarƙashin ƙafa: farin dutsen da ake toyawa a yi siminti. Masana sun ce shekaru miliyoyi da suka shige, teku ne ya shimfiɗa a wannan yanki. Wanda ya taɓa tsugunawa a ramin haƙa ya san ba tatsuniya ba ce, domin sai ka fasa dutse ka tarar da siffar kwanson dabbar ruwa a ciki, a ƙasar da manomi ke roƙon ruwan damina. Irin wannan dutsen ne ya kafa masana'antar Kalambaina a Sakkwato.

Zamanin Diori Hamani, sabuwar ƙasa na ƙishirwar gine-gine, aka gina masana'antar siminti a Malbaza, ta fara aiki a 1966. Ƙarfinta bai wuce tan dubu 40 a shekara ba, amma ya isa ya sauya ƙauye. Leburori suka zo, direbobi suka zo, masu tuwo da masu shayi suka biyo su. Unguwa ta tsiro a gindin masana'antar, har yau ana ce mata Malbaza Izin. Ɗan manomi ya koyi jiran ƙarshen wata, yana komawa gida da yamma fari fat da ƙura har gashin ido.

A 1998 gwamnati ta sayar da masana'antar ga 'yan kasuwa, daga baya aka gina sabuwa mai ƙarfin tan dubu 650. Dogarawa ta riƙe rawaninta da girmanta. Amma da hukuma ta tashi neman wurin zama, inda ma'aikata da kasuwa suka riga suka taru ta nufa, kuma dutse ne ya tara su.