Fankar da aka kora daga tseren motoci

A shekarar 1970, Jim Hall, wani mai ƙera motocin tsere daga jihar Teksas ta Amurka, ya shigo gasar Can-Am da wata farar mota mai suna Chaparral 2J. A bayanta akwai manyan fankoki biyu, da ɗan inji na daban da ke juya su. Aikinsu zuƙe iskar da ke ƙarƙashin motar, an kuma kewaye gefenta da bayanta da labulen roba mai tauri wanda ke kusan shafar kwalta, don kada iska ta sake kutsowa. Jackie Stewart ne ya fara tuƙa ta a Watkins Glen. Ba ta ci tsere ko ɗaya ba, don yawan lalacewa, amma yadda take shan kwana ya tayar wa abokan hamayya da hankali, aka haramta ta a ƙarshen kakar.

Bayan shekara takwas Gordon Murray ya farfaɗo da dabarar a motar Brabham BT46B. Niki Lauda ya lashe tseren ƙasar Suwidin na 1978 da ita, sauran ƙungiyoyi suka yi ca, Bernie Ecclestone, mai ƙungiyar, ya janye ta. Sau ɗaya tak ta yi tsere.

Abin da waɗannan mutane suka gano ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa ganin wanzami yana ƙaho: da ya tsotse iskar ciki, ƙahon ya kama fata gam, domin iskar waje ce ke danne shi. Iskar da ke kewaye da mu tana danna kowane murabba'in santimita da ƙarfin da ya kai kusan kilo 1. A ɗauki ɗan mutum-mutumi mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10. Idan fanka ta rage matsin iskar ƙarƙashinsa da kashi 1 cikin 100 kacal, ya samu dannin kusan kilo 1. Ga na'urar da nauyinta bai wuce giram 150 ba, wannan ya ninka nauyinta fiye da sau shida, alhali sikelin alƙalan gasa bai ga ƙarin komai ba. Taya kuwa, gwargwadon yadda aka danne ta, gwargwadon yadda take kama ƙasa.

Shi ya sa dabarar ta samu masauki wurin masu ƙera ƙananan na'urori. A gasar Micromouse, wadda aka fara a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, Japan ta ɗauka a 1980, ɗan "ɓera" na lantarki ne ke neman hanya cikin lungunan da aka tsara a gidaje 16 sau 16. Mafiya sauri a yau suna ɗauke da ƴar fanka a ciki, kana jin ƙararta kafin ɓeran ya zabura, ya sha kwana ba tare da ya zame ba. A kokawar sumo ta mutum-mutumi da kamfanin Fujisoft ke shiryawa a Japan, ƴan ajin kilo 3 sun bi wata hanyar: fagen na ƙarfe ne, sai suka dogara da maganaɗisu. A ƙaramin aji na giram 500 kuwa, gasa da dama sun hana maganaɗisun da zuƙar iskar baki ɗaya.

A fagen faɗan mutum-mutumi ne lamarin ya fi wuya. Tun da Marc Thorpe ya shirya Robot Wars na farko a San Francisco a 1994, wasan ya yi rassa har zuwa ajin "tururuwa", giram 150 a Ingila, giram 454 a Amurka. A nan wanda ya fi kama ƙasa shi ke tura ɗan'uwansa rami ko ya haɗa shi da bango, kuma inda daɓen na katako ne maganaɗisu ba ya tsinana komai. To amma ɓeran Micromouse a kan sumul ɗin daɓe yake gudu, babu mai taɓa shi. Daɓen faɗa kuwa duk tsaga ne da karce, ga ɓarɓashin roba da ƙananan kusoshi da fanka za ta iya haɗiya. Abokin karawa ma babban burinsa ya zura siririn bakinsa ƙarƙashinka. Da labulen ya ɗaga, iska ta shiga, danni ya tafi nan take, an bar mai shi da fanka da ƙarin batir da suka cinye giram ɗin da zai sa wa sulke ko makami.

Duk da haka dabarar ba ta mutu ba. A 2022 motar lantarki ta McMurtry Spéirling, mai fanka a ƙasa, ta hau tudun Goodwood cikin daƙiƙa 39.08, ta kafa sabon tarihi. Hanin da aka yi a 1970 da janyewar 1978 suna da hujja, domin akwai direbobi a ciki, wasu kuma sun koka cewa fankar na watsa musu tsakuwa. A akwatin faɗan tururuwa babu ran da ke cikin haɗari, kuma siririn bakin abokin karawa ya isa maganin fanka. Bai kamata masu shirya irin wannan gasa su hana ta ba.